Yadda Ake Gane Ƙwayar Cuta Daga Rubutun Jikinta

Idan ƙwarya ta tsage gida biyu, mai ɗinki ba ya ɗauko ɓarin wata ƙwarya ya haɗa. Bakin ba zai zauna ba. A kan irin wannan dokar aka gina wani gwaji da ɗakunan gwaje-gwaje ke kama bairas da shi.

Sinadarin gado da ake kira DNA igiya ce mai zare biyu a murɗe, kowane zare jere da haruffa huɗu: A, T, G da C. A ba ta riƙe kowa sai T, G kuma sai C. In aka dafa shi har kusan maki 95, ko aka zuba masa sinadari mai kaifi irin na kanwa, zaren biyu sai su rabu. Da an sassauta, kowanne ya shiga neman abokinsa.

Nan dabarar take. Masana sun san jerin haruffan bairas ɗin da suke nema, sai su ƙera ɗan zare wanda ya dace da shi kaɗai, su ɗaura masa alama. Mu kira shi ƙugiya. A da alamar sinadari ce mai fitar da tururin nukiliya, wadda rabin ƙarfinta ke zubewa cikin kusan kwana 14; yanzu an fi amfani da mai ba da launi ko haske. A zuba ƙugiya cikin samfurin majiyyaci, a jira, a wanke. In bairas na nan, ƙugiya ta maƙale, alama ta bayyana. In babu, ruwa ya tafi da ita.

Wankin nan shi ne gwanintar aikin, kuma shi ya fi burge ni. Da zafi da ƙarancin gishiri a ruwan wankin, sai wadda ta dace tsaf ke tsayawa. A rage zafi, a ƙara gishiri, har ɗan'uwa mai kama ma ya maƙale. Da wannan sassaucin Harald zur Hausen da abokan aikinsa a Jamus suka yi farauta. Sun jefa ƙugiyar wani bairas da ake kira HPV 11 cikin tsokar sankarar bakin mahaifa, ta kamo wani dangi da ba a sani ba. Shi ne HPV 16, a 1983. HPV 18 ya biyo a 1984. Su biyun ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. An ba zur Hausen kyautar Nobel a 2008.

HPV ba ya yarda a rene shi a kwalba kamar wasu ƙwayoyin, shi ya sa gwajin ya zo a kan gaɓa. A wanda ake kira Hybrid Capture 2, ma'aikaciyar jinya kan shafo bakin mahaifa da ɗan buroshi ta jefa a kwalba. A ɗakin gwaji a haɗa samfurin da ƙugiyoyin nau'i 13 masu haɗari, a ɗiga a faranti mai ramuka 96, na'ura ta auna hasken da kowane rami ya fitar.

Wani rauninsa shi ne: in ƙwayar ba ta da yawa, yana iya kuskure ta. Don haka wani gwajin da ake kira PCR ke fara ninka DNA ɗin sau miliyoyi, sannan ƙugiya mai haske ta tabbatar.

'Yar'uwa, in sakamako ya nuna HPV, ba a ce kina da sankara ba. Mafi yawan lokuta jiki kan kore shi da kansa, ana dai so a sa ido. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita gwajin DNA na HPV ga mata daga shekara 30, masu HIV daga 25. Ki tambaya a asibitin da ke kusa da ke.