Tsimin Lantarki da Ruwa a Gine-ginen Jami'a: Misali Daga Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilan da suka wajabta tsimin lantarki da ruwa a gine-ginen jami'a, da hanyoyin yin sa. An ɗauki Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, a matsayin misali. Abin nufi da tsimi a nan shi ne rage ɓarna ba tare da tauye buƙata ba, saɓanin rowa.

2.0 Tushen Matsala

A watan Janairu na 2021 'yan tada ƙayar baya suka rusa turakun wutar da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri, garin ya shafe watanni cikin duhu, ya koma dogaro da janareta. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane kilowat na awa guda. Ta fuskar ruwa, madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda, wadda garin ke sha daga gare ta, ta ɓalle a watan Satumba na 2024.

Matsalolin nan biyu a haɗe suke. Ruwan burtsatse ba ya hawa tanki sai da injin, injin kuwa ba ya tashi sai da wuta. Ke nan duk famfon da ke yoyo hasara biyu yake jawowa.

3.0 Hanyoyin Tsimi

3.1 Tsarin gini. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri kan wuce digiri 40, don haka sanyaya ɗaki na cin wuta ƙwarai. Tsofaffin gidajen GRA abin koyi ne: rufi mai tsawo, da baranda mai faɗi, da inuwar darbejiya. Ginin da bangonsa ke cikin inuwa ba ya tara zafi, saboda haka fanka kan wadatar a inda da sai na'urar sanyaya ɗaki.

3.2 Fitilu. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa.

3.3 Famfuna da tankuna. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 10,000 a shekara. Sauya robar famfo da sanya wa tanki makulli mai rufe kansa in ya cika suna tsayar da wannan ɓarna.

3.4 Mita. Idan kowane gini yana da mitarsa, a nan ake gane inda ɓarna take.

3.5 Hasken rana. A 2019 Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta buɗe tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, Kano. A kashi na biyu na shirin, da tallafin Bankin Duniya, aka sanya Jami'ar Maiduguri da asibitin koyarwarta. Sai dai wutar rana ma tana da iyaka, domin batir ake cinyewa da dare.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, ya tabbata cewa gyaran kayan aiki bai wadatar ba sai ɗalibi da ma'aikaci sun fahimci dalili. A nan masana harshe ke da aiki: daidaita kalmomi irin su tsimi da tanadi da tattali, da rubuta sanarwar ɗakunan kwana da ta ajujuwa cikin Hausa da Kanuri.