Hanyoyin Binciken Rayuwa da Ayyukan Mai Fasaha a Makarantar Sakandare

A darasin zane da ƙira na makarantun sakandare, akan buƙaci ɗalibi ya zaɓi wani fitaccen mai fasaha, ya yi nazarin rayuwarsa da ayyukansa, sannan ya nuna yadda nazarin ya yi tasiri a kan abin da shi kansa ya zana ko ya ƙera. Sau da yawa abin da ke isowa teburin malami bai wuce tarihin haihuwa da mutuwa da aka kwafo daga intanet ba. Wannan kuwa ba bincike ba ne, kuma wajibi ne malami mai jiran gado ya san bambancin tun kafin ya tsaya a gaban aji.

Bincike yana farawa ne daga aikin hannun mai fasahar, ba daga labarinsa ba. Misalin da zai fi sauƙi shi ne na Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan ta ƙasar Gwari, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Kafin ɗalibi ya karanta ko da layi guda a kanta, ya kamata ya sami hoton tulunta ɗaya mai fitowa sarai, ya ƙura masa ido. Yaya faɗin cikinsa yake idan aka kwatanta da wuyansa? Waɗanne halittu aka zana a jikinsa? A tukwanenta za a tarar da ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi, an tsaga su a jikin yumɓu, an raba tsakaninsu da layuka. Ɗalibi ya kwaikwayi zanen da fensir a littafinsa, domin hannu yakan gano abin da ido ya tsallake.

Bayan haka ne za a nemi tarihi, kuma a nan ake bukatar taka-tsantsan. An haifi Ladi Kwali a garin Kwali wajejen 1925, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, ba tare da na'urar juya yumɓu ba. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wadda Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa, inda ta koyi aiki da na'ura da gashi a tanderu da shafen da ke sa tukunya ƙyalli. To, ɗalibin da bai zurfafa ba zai rubuta cewa ta yi aiki a babban birnin tarayya. Alhali Abujar da ake nufi ita ce garin da yanzu ake kira Suleja a Jihar Neja, wanda sarkinsa Sulaimanu Barau yana cikin waɗanda suka fara tara tukwanenta. Irin wannan kuskure ba ya fitowa fili sai an gwama madogara biyu ko uku, an kuma tambayi wanda ya san ƙasar. Haka za a tantance sauran bayanai, kamar digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta a 1977 da rasuwarta a 1984, a rubuta inda aka samo kowanne.

Akwai kuma masu fasahar da littattafai ba su faɗi abu mai yawa a kansu ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ana iya samun labarinsa a rubuce. Amma magina da masu zanen bango da masu ɗinkin aska takwas da marinan Ƙofar Mata a Kano, galibinsu ba su sa suna a aikinsu. A nan hira ita ce madogara. Ɗalibi ya je da izinin makaranta, ya gaida mai sana'a yadda ya dace, ya tambayi wanda ya koya masa, da kayan aikinsa, da sunan kowane zane, ya rubuta ranar hirar da wurin da aka yi ta. Ziyarar Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Jos ma tana ba shi damar ganin girman abu da kaurinsa, waɗanda hoto ke ɓoyewa.

Wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne haɗa binciken da nasu aikin. Kwafe tulun Ladi Kwali kamar yadda yake atisaye ne kawai. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya ɗauki dabara guda, misali yadda take raba jikin tulu gida-gida ta sa halitta ɗaya a kowane gida, ya gwada ta da dabbobin da ya sani a garinsu, a kan ƙwarya ko takarda ko yumɓu. Sannan ya rubuta a gefen kowane gwaji abin da ya aro, da abin da ya sauya, da dalilin sauyawar. Wannan bayanin gefe shi malami zai fara dubawa yayin ba da maki.