Batun GMO a Kwanon Awo: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Tun da aka saki masarar TELA a 2024 saƙonnin murya ba su daina yawo a WhatsApp ba. Wannan ya ce duk tumatirin da ka gani ɓul-ɓul, wanda zai yi mako bai ruɓe ba, GMO ne. Waccan ta ƙara da kankana marar 'ya'ya da kajin gidan gona. Wani kuma har da rantsuwa, wai an kawo irin ne don a tsayar mana da haihuwa. Mai cefane yana tsaye gaban mai awo, ya rasa abin da zai ɗauka da wanda zai bari.

GMO shuka ce da aka ɗauko wata ƙwayar halitta daga wani abu mai rai aka dasa mata a ɗakin bincike. Zuwa 2024 amfanin gona uku ne irin wannan aka sakar wa manoman Nijeriya: auduga a 2018, waken SAMPEA 20-T a 2019, sai masarar TELA. Wake da masarar daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka fito, a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Babu tumatir a ciki, babu kankana, babu albasa. Ƙaton tumatiri yawanci haibirid ne, wato iri biyu aka aurar, kuma wannan tsohuwar sana'a ce. Kajin gidan gona zaɓen iri da abinci ne suka sa suke cika cikin mako shida. Ido ba ya gane GMO. Tuwon masarar TELA da na masarar da kakanka ya noma, ba za ka bambance su a malmala ba. Inda GMO zai iya shiga gida ba sallama shi ne kayan kwali da man girki da ake shigowa da su, idan da masara ko waken suya na Amurka, Brazil ko Ajantina aka yi su.

Akwai maganar da ta fi kama hankali, kuma ba wauta ba ce: abin da ya kashe tsutsa, ta yaya zai bar mutum? Abin da aka dasa wa waken an ɗauko shi ne daga wata bakteriyar cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, ko Bt a taƙaice. Tana yin wani furotin da sai ya shiga hanjin wasu tsutsotsi yake zama guba, don a can ne yake samun mahallin da ke narkar da shi da kuma wurin da zai maƙale ya huda. Cikin ɗan Adam ruwan tsami ne da shi, ba shi da wannan wurin maƙalewa, sai ya narke shi kamar sauran furotin. Tun shekarun 1930 ake fesa Bt a gonaki, kuma masu noman da ba sa zuba sinadari ma sun yarda da shi. Tsutsar da aka nufa ita ce maruka, mai cin furen wake ta huda kwanso. Manomin da kan yi feshi sau shida ko takwas saboda ita, masu irin sun ce biyu sun ishe shi.

Zancen hana haihuwa ba daga sama ya faɗo ba. Mutanen da suka ga gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano a 1996 suna da dalilin tambayar duk abin da aka kawo musu da sunan taimako, kuma wanda ya kira su jahilai shi ne bai san tarihi ba. Sai dai zargi daban, hujja daban. Tun shekarun 1990 Amurkawa ke cin GMO, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na masara da waken suyan da suke nomawa irinsa ne. Afirka ta Kudu, inda tuwon farar masara ne abincin talaka, ta haura shekara ashirin tana ci. Babban nazarin da majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar a 2016 bai gano alaƙa tsakaninsa da wata cuta ba. Hotunan ɓeraye masu ƙulli da ake yaɗawa kuwa daga binciken Bafaranshe Séralini na 2012 suke. Mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2013: ɓeraye goma-goma ya yi amfani da su a kowane rukuni, daga jinsin da dama yakan yi ƙari in ya tsufa.

Sai batun cewa irin ba ya tsirowa karo na biyu. An taɓa ƙirƙiro fasahar da ke sa iri ya zama bakarare, har aka yi mata rajista a Amurka a 1998, amma duniya ta yi ca, ba a taɓa sayar da ita ba. Waken SAMPEA 20-T yana tsirowa in an ajiye an sake shukawa. Masarar TELA ma tana tsirowa, sai dai da yake haibirid ce yabanyar shekara ta biyu ba za ta kai ta farko ba, kamar kowace haibirid da ake sayarwa a shagon iri.

To daga nan ne masu suka suke fara yin gaskiya, kuma ina tare da su. Manomin da ya saba da haibirid duk damina sai ya koma shago da kuɗinsa. Ƙwayar Bt ɗin ta kamfanin Monsanto ce, wanda Bayer ya saye a 2018. An ba da ita ba tare da kuɗin haƙƙin mallaka ba ta hannun gidauniyar AATF, amma tambayar wa ke riƙe da makullin rumbun iri tambaya ce halastacciya. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008 ta watsar a 2016, don zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwa. A Indiya da Afirka ta Kudu an ga tsutsotsin da suka saba da Bt suka ci gaba da ɓarna. Sannan hukumar NBMA mai sa ido a kan GMO, da aka kafa a 2015, ba ta da hanyar manna takarda a jikin tiya. Da zarar buhu ya shiga kasuwar Dawanau an juye, wanda ya ce ba ya son GMO, ko da ra'ayi ne kawai, an ƙwace masa zaɓi.

Abin da ya fi damuna shi ne mun bar jaki muna dukan taiki. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya, shekara huɗu kafin a saki waken GMO. Dalili shi ne ragowar sinadarin dichlorvos, wato fiya-fiyar da wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa wake don kada ƙwaro ya ci. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa muke niƙawa mu yi ƙosai da alala. Shi ma sabon irin bai magance wannan ba, don kariyarsa a gona take, ba ruwanta da ƙwaron rumbu. Waken da ka ɗiba ka ji yana warin magani, mayar wa mai shi. In kana sayen na shekara, buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwaro da rashin iska, ba ko ɗigon guba. Ayaba da mangwaron da suka yi rawaya a waje alhali ciki gagau, a yi zargin kabayid ɗin masu walda. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa.

Mafi muni shi ne hunhunar da ke kama gyaɗa da masarar da aka tura buhu ba su gama bushewa ba. Tana fitar da gubar aflatoksin, wadda aka tabbatar tana jawo dajin hanta, kuma a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Tafasa ba ta kashe ta, suya ma haka. Gyaɗar da ta motse, ta yi baƙi ko kore, ko ta yi ɗaci a baki, a tsince a zubar kafin a kai inji. Kada a ce asara ce a tura ta cikin ƙuli-ƙuli ko kunun yara, kada kuma a zuba wa saniyar tatsa, don gubar tana biyo nono.