Lamba ɗaya ta isa ta kayar da ɗan wasa: su wa ke gyara kurakuran jagororin wasannin bidiyo?

A watan Disamba na 2020 kamfanin Garena ya saka wani sabon jarumi mai suna Chrono cikin wasan Free Fire, wanda aka zana da kamannin Cristiano Ronaldo. Ƙarfinsa shi ne wata garkuwa da ke rufe mutum kamar an kifa masa ƙwarya. Na ciki yana harbin na waje, harsashin na waje kuma yana tsayawa a jikin garkuwar. Kafin a ce me, YouTube ya cika da bidiyoyi da Turanci da Faransanci da Larabci, duk maganarsu guda: in kana son hawa matsayi, sayi Chrono. Cikin shekarar 2021 kamfanin ya dinga rage masa ƙarfi, ya tsawaita lokacin da ake jira kafin a sake buɗe garkuwar, daga ƙarshe ya hana harbi daga cikinta kwata-kwata.

Bidiyoyin farko ba su je ko'ina ba. Wanda ya yi su bai yi ƙarya ba a ranar da ya yi su, amma saurayin da ya ci karo da su bayan shekara guda, ya zuba kuɗinsa ya sayi lu'ulu'un wasa saboda su, ya sayi abin da ya riga ya sauya. Da yawa daga cikin gardandamin da ake yi a fada, a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, ana zagayen shayi kowa da wayarsa a kwance, daga nan suke tasowa: mutum biyu sun ji bayani biyu na lokuta daban, kowa kuma yana rantsuwa nasa ne daidai.

A duniyar wasannin gasa akwai mutanen da aikinsu ke nan: su bi bayanin dabarun wasa, wato jagora, layi bayan layi, su nemo inda aka yi kuskure ko inda zance ya tsufa. Yawancinsu ba biyansu ake yi ba, ba kuma kasafai ake tuna sunayensu ba.

Tsakanin 9 da 10

Wasannin faɗa irin su Tekken da Street Fighter su ne suka fi nuna dalilin wannan aiki. Waɗannan wasanni suna nuna hoto 60 a cikin sakan ɗaya, kowane hoto guda kuma shi ne ma'aunin lokaci, ƴan wasa na ce masa firem. Kowane naushi da kowane shuri yana da lissafinsa: firem nawa yake ɗauka kafin ya sauka, kuma in abokin karawa ya tare shi, wa zai riga wani dawowa daidai.

A Tekken, naushi mafi sauri na galibin jarumai yana buƙatar firem 10. Idan ka kai hari aka tare, jadawali ya ce kana baya da firem 9, to ka tsira, domin za ka samu ka tare kafin ramuwa ta iso. Idan kana baya da 10, naushin zai same ka ko me ka danna. Idan ya kai 15, za a iya cilla ka sama a jera maka duka da zai cinye wajen kashi ɗaya cikin uku na ranka. Saboda haka mai kwafar jadawali da yatsansa ya zame ya rubuta 9 a gurbin 10, ya gaya wa duk masu karatu cewa rami hanya ce. Mutum zai yi makonni yana saba wa hannunsa da wannan hari, ranar gasa kuma ya haɗu da wanda ya san lambar gaskiya.

Shekaru da yawa ƴan wasa ne da kansu ke ƙirga waɗannan lambobi, suna ɗaukar bidiyo suna bin sa hoto bayan hoto. Lokacin da kamfanin Bandai Namco ya saka nunin lambobin cikin Tekken 7 a 2019, sai da ya sa masa kuɗi, abin da ya jawo masa tsegumi mai yawa. A Tekken 8, wanda ya fito a watan Janairu na 2024, ana ganin su kyauta a filin atisaye. Wannan ya sauƙaƙa aikin mai gyara ƙwarai: maimakon gardama, sai ya kunna wasan ya gwada. Sai dai duk sa'ad da kamfani ya sabunta wasan, abin da samarinmu ke kira mizajur, wasu lambobin na motsawa, a sake komawa kan jadawali.

Jarumin da babu shi

Kuskure mafi shahara a tarihin wannan fage daga fassara ya faro. A Street Fighter II, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1991, jarumi Ryu yana faɗin wata magana in ya yi nasara. Da Japananci yana cewa ne sai ka shawo kan wani naushinsa mai suna Shoryuken kafin ka iya da shi. Wajen mayarwa Turanci aka karanta haruffan sunan naushin da lafazin Sinanci, suka fito a matsayin Sheng Long, masu wasa kuma suka ɗauka sunan mutum ne.

Mujallar Electronic Gaming Monthly ta Amurka ta ga dama ta samu. A fitowarta ta Afrilun 1992, don barkwancin ranar 1 ga Afrilu, ta buga hanyar da wai za a bi a gamu da wannan Sheng Long: ka ɗauki Ryu, ka wuce kowa ba tare da an taɓa ka ba, sannan ka yi zagaye goma da shugaban mugaye M. Bison ba wanda ya taɓa wani. Har hotunan bogi ta haɗa. Sunan wanda aka ce ya aiko da dabarar ma, in aka karanta shi a haɗe da Turanci, yana nufin ɓarnatar da kuɗin wasa. Duk da haka wasu mujallu a Turai da Hong Kong suka kwafe suka buga a matsayin gaskiya, ba wanda ya zauna ya gwada. Yara suka yi ta zuba sulalla cikin injin wasa suna neman wanda babu shi.

Abin dariyar bai tsaya nan ba. Da aka kawo wasan kan Super Nintendo an gyara maganar Ryu a cikin wasan, amma ɗan littafin da ke cikin kwalin ya ambaci Sheng Long a matsayin malamin Ryu da Ken. An toshe ƙofa, an bar taga a buɗe. Jita-jitar ta yi ƙarfin da daga baya Capcom ya ƙirƙiro ɓoyayyen jarumi Akuma a 1994, sannan malamin Ryu na gaske, Gouken, ya bayyana a Street Fighter IV.

Wani lokaci kuma kamfanin ne da kansa ke faɗin abin da wasansa ba ya yi. A Pokémon na farko, wanda ya fito a Japan a 1996, akwai wanda ke gaya wa ɗan wasa a cikin wasan cewa halittu masu ƙarfin tunani suna tsoron fatalwa. Amma saboda kuskure a lissafin wasan, harin fatalwa ba ya yi musu komai. Wani motsi mai suna Focus Energy, da ya kamata ya ƙara damar yin mummunan bugu, rage ta yake yi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Masu gwadawa ne suka gano haka, ba masu karanta kwali ba.

Ido biyu, aiki biyu

Cikin masu wasan Pokémon na gasa ne aka fi tsara wannan aiki. Ƙungiyar Smogon, wadda ta faro a 2004 kuma ƴan sa-kai ke tafiyar da ita, ba ta wallafa nazarin wata halitta sai ya bi ta hannu biyu. Na farko ƙwararrun ƴan wasa ne, su duba ko dabarar na aiki a fagen gasa. Su ne ke tara lambobi: makin horo da ake raba wa halitta ɗaya ba ya wuce 510 gaba ɗaya, kuma ba a zuba fiye da 252 a fanni guda. Wanda ya rubuta 252 da 252 da 8 ya ba da abin da wasan ba zai karɓa ba. Maki 4 kacal na iya sa halittarka ta riga ta abokin karawa motsi, wanda ya riga kuwa sau da yawa shi ke ci.

Bayan sun gama sai rubutun ya wuce ga wata tawaga da ba ruwanta da dabara, nahawu da tsarin jimla kawai take dubawa. Suna sa alama da launuka, abin da za a cire daban, abin da za a ƙara daban, marubucin ya koma ya gyara.

Raba aikin nan biyu shi ne hikimar. Gwanin wasa yana karanta abin da yake nufi ne, ba abin da ya rubuta ba, idonsa na tsallake kalmar da ta ɓace domin kansa ya riga ya cike gurbin. Mai duba harshe kuma zai iya gyara jimla ta yi sumul alhali lambar da ke cikinta ƙarya ce. Littattafan jagora da ake bugawa a takarda suna da editoci, amma ba su da hanyar bin wasan da ke sauyawa. League of Legends, alal misali, kusan kowane mako biyu ake sabunta shi. A watan Nuwamba na 2018 aka sanar da rufe sashen buga littattafai na Prima Games, wanda ya yi kusan shekara talatin yana wannan sana'a.

Kafin ya iso Tawa

Bayanin da ke isowa ga ɗan wasa a Tawa ko Birnin Konni ya riga ya yi doguwar tafiya. Wani ya yi shi da Turanci ko Fotugis a Indiya ko Brazil, wani ya maimaita da Faransanci, wani ya yanko rabin minti ya sa a TikTok, sannan wani ya bayyana shi da Hausa a saƙon murya na WhatsApp. Abu na farko da ke faɗuwa a hanya shi ne kwanan wata. Saƙon murya ba ya ɗauke da lambar mizajur, kuma da zarar an tura shi gaba, wanda ya yi shi ba shi da ikon janyewa.

Akwai ƙananan tarkuna da sai wanda ke tsakanin harsuna zai lura da su. Bature mai Turanci in ya rubuta 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar yake nufi, mai Faransanci kuma waƙafi nasa na rabin lamba ne, 1,5 wato ɗaya da rabi. A ƙwallon PlayStation, tsarin maɓallan asali na PES da na FIFA sun saɓa: a PES murabba'i ne bugun raga, da'ira kuma kurosi, a FIFA akasin haka. Mai bayanin da ya ce "danna da'ira" bai faɗi wasan da yake nufi ba, ya sa rabin masu saurarensa cilla ƙwallo kwana. Hausar kanta ma tana da nata: wayoyi da yawa ba a saita musu haruffa masu lanƙwasa ba, sai "kare shi" da "ƙare shi" su fito iri ɗaya a rubuce. A wasan harbi na mutum huɗu-huɗu, ɗaya na nufin ka tsaya wa abokinka, ɗayan na nufin ka gama da abokin gaba.

Sai kuma bayanin da daidai ne a can, kuskure a nan. Lambobin saurin juya bindiga da ake yaɗawa da sunan sirrin harbin kai an gwada su ne a kan wata waya mai nata girman fuska da nata sauri, ba dole su dace da taka ba. Jinkirin intanet na milisakan 150 ya kai tsawon firem 9, don haka dabarar da ke buƙatar martani cikin ƙiftawa, wadda ke aiki a zauren gasa a Las Vegas, ba ta da amfani ga mai wasa da ragowar mega da dare. Ƴan'uwa da ke zaune a Faransa ko Aljeriya ko Ghana su ma kan turo lambobin kyauta na Free Fire da kyakkyawar niyya, alhali waɗannan lambobi suna da wa'adi kuma an ɗaure su ga yanki guda.

Mafi muni shi ne wanda ba kuskure ba ne, yaudara ce da ta sa rigar jagora. Duk shafin da ya ce zai ba ka lu'ulu'u kyauta in ka shigar da kalmar sirrin Facebook ɗinka, asusunka yake so. Fayilolin da ake cewa a saka cikin waya don harsashi ya riƙa bin kai da kansa kuwa, Garena na ɗaukar su a matsayin maguɗi, yana kuma rufe asusun da ya kama. Wanda ya shekara biyu yana tara kaya a asusu, wani lokaci da jikkunan da ɗan'uwa ya aiko daga waje, a dare ɗaya zai wayi gari ba komai.

Masu yin bayani da Hausa suna ƙaruwa, kuma wasunsu sun iya wasan sosai. Abin da ya rage musu ba shi da tsada. Su faɗi ranar da suka yi gwaji, da sunan wasan da fitowarsa, da irin wayar ko na'urar. Su ba wani aboki ya gwada a filin atisaye kafin su saki. In wasan ya sauya, su koma kan tsohon bidiyon su rubuta a samansa cewa ya tsufa, ko da hakan zai rage masu kallo. Wannan na ƙarshen ne ya fi wuya, domin tsohon bidiyo mai masu kallo da yawa shi ke jawo mabiya.

Ba kullum sabon bayani ne mai gaskiya ba. Konami ya sauya sunan PES zuwa eFootball a 2021, EA kuma ya rabu da sunan FIFA a 2023, amma a wasu ɗakunan wasa na unguwa har yanzu tsohon PES ne ke kan na'ura, an dai sabunta sunayen ƴan ƙwallo da rigunansu. Saurayin da ya haddace dabarun eFootball na bana a wayarsa, ya biya kuɗin shiga gasar unguwa ya karɓi manet, zai tarar injin da ke gabansa yana bin dokokin shekarun baya. A wannan ɗakin, bidiyon 2017 shi ne daidai.