Jiu-jitsu: Kokawar da ake farawa bayan an kai ƙasa

A kokawar gargajiya ta ƙasar Hausa, da zarar an kai mutum ƙasa to wasa ya ƙare, sai makaɗa su shiga wasa wanda ya yi kaye.

Amma a wasan jiu-jitsu na ƙasar Brazil, a daidai wannan lokaci ne ake cewa yanzu aka fara.

Wasa ne da babu naushi ko shuri a cikinsa. Abin da ɗan wasa ke nema shi ne ya danne abokin karawarsa a ƙasa, sannan ya shaƙe shi ko ya murɗe masa wata gaɓa har sai ya miƙa wuya.

Asalin wasan

Wasan ya samo asali ne daga judo na ƙasar Japan. A shekarar 1914 wani gwanin judo mai suna Mitsuyo Maeda, wanda ya yi horo a makarantar Kodokan ta birnin Tokyo, ya isa Brazil, daga bisani ya zauna a birnin Belem da ke arewacin ƙasar.

A can ne wani matashi, Carlos Gracie, ya fara koyon wasan, shi kuma ya koya wa 'yan uwansa, ciki har da ƙaninsa Helio.

Yayin da judo ya fi mayar da hankali ga kaye daga tsaye, su 'yan gidan Gracie sun duƙufa ne kan abin da ke faruwa bayan an faɗi.

Duniya ta farga da wasan ne a ranar 12 ga watan Nuwamban 1993, lokacin da aka yi gasar UFC ta farko a birnin Denver na Amurka, inda aka haɗa gwanayen faɗa iri-iri ba tare da la'akari da nauyinsu ba.

Royce Gracie, ɗan Helio, wanda nauyinsa bai wuce kimanin kilo 80 ba, ya sa mutane 3 sun miƙa wuya a dare guda, ciki har da wani ɗan damben boksin. Duka karawar uku ba su ɗauke shi fiye da kimanin minti 5 ba.

Yadda ake koyo

Sabon ɗalibi ba ya farawa da shaƙa. Abin da ake fara koya masa shi ne yadda zai faɗi ba tare da ya ji ciwo ba, da kuma yadda zai kuɓuta idan an danne shi.

Yakan shafe watanni yana maimaita motsi biyu: banƙarewa domin ya ture wanda ya hau kansa, da zamewa da ƙugu gefe guda domin ya samu sararin shigar da gwiwarsa tsakaninsa da abokin karawa.

Daga nan sai matsayin da ake kira gadi, wanda shi ne ƙashin bayan wasan. A nan mutum yana kwance da bayansa, amma yana amfani da ƙafafunsa wajen tare na sama ko harɗe shi, har ya samu damar kifar da shi ko kama masa hannu.

Ƙa'idar da malamai ke nanatawa ita ce a fara samun kyakkyawan matsayi kafin a nemi gamawa da abokin karawa. Haka ma tsarin makin hukumar IBJJF, mai shirya gasar duniya da aka fara a birnin Rio de Janeiro a 1996, ya nuna: kaye maki 2 ne, wuce ƙafafun mai gadi maki 3, hawa kan cikin mutum ko kama bayansa kuwa maki 4.

A ƙarshen darasi ɗalibai kan kara da juna bi da bi, kowane zagaye na 'yan mintoci. A nan ne ake gane dabarar da ta zauna da wadda ba ta zauna ba.

Manya suna da ɗamara 5: fara, shuɗiya, mai launin shunayya, mai ruwan ƙasa, sai baƙa. Sau da yawa mutum kan shafe kusan shekara 10 kafin ya ɗaura baƙar.

Miƙa wuya

Abin da ya sa ake iya karawa da gaske kullum ba tare da an nakasa juna ba shi ne ƙa'idar bugun hannu. Wanda ya ji an kama shi zai bubbuga jikin abokinsa ko tabarma, ko ya faɗa da baki, shi kuma wajibi ne ya sake shi nan take.

Ba abin wasa ba ne. Shaƙa tana toshe jijiyoyin wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa, kuma mutum na iya suma cikin 'yan daƙiƙoƙi. Murɗa kuwa tana iya tsinka jijiyar gwiwa ko ta kafaɗa.

Shi kansa Helio Gracie ya ga haka a 1951 a filin wasa na Maracana, lokacin da gwanin judo na Japan, Masahiko Kimura, ya kama masa hannu. Ya ƙi miƙa wuya har hannun ya karye, sai da mutanensa suka tsayar da wasan. Har yau sunan Kimura ake kiran wannan kamu da shi.

Don haka ne ake koya wa ɗalibi tun ranar farko cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne: wanda ya buga hannu yau, gobe zai dawo fili da lafiyarsa.

Wasan ya samu karɓuwa sosai a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A 1998 Sheikh Tahnoon bin Zayed ya kafa gasar ADCC a Abu Dhabi, kuma a 2008 aka fara koyar da jiu-jitsu a makarantun gwamnati na masarautar.