Ciwon dunduniya: me ya sa takun farko na safe ya fi kowane zafi?

An kira sallar asuba, mutum ya yunƙura zai sauko daga gado. Da ya aza ƙafa ƙasa sai ya ji kamar an kafa masa ƙusa a dunduniya. Ya duba, babu ƙaya, babu rauni, babu kumburi. Da ɗingishi zai kai wurin buta. Kafin ya dawo daga masallaci zafin ya lafa, har ya manta da shi. Da marece, bayan ya wuni tsaye, ya ɗan zauna shan shayi, yana miƙewa sai ciwon ya dawo sabo.

Mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maradi ya san wannan ciwo, haka ɗan dako a kasuwar Katako ta Yamai, da malamar da ke wuni tsaye gaban allo, da mai gadi, da uwar gida da ke kai da kawowa a tsakar gida ba takalmi. Wasu na cewa sanyi ne, wasu su ce tsufa, wasu ma su fara zargin an ɗauki sawunsu. A mafi yawan lokuta dalilin bai kai nan ba, kuma likitoci sun san shi sarai. In sun rubuta a takarda, da Faransanci za a ga « fasciite plantaire » ko « aponévrosite plantaire ». Shi ne ya fi kowane abu kawo ciwon ƙarƙashin dunduniya ga manya, kuma ana ƙiyasin wajen mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa.

Abin da ke faruwa cikin ƙafa

Ƙafar mutum tana da ƙashi 26, an jera su kamar baka. A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi da ƙarfi, wadda ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Ita ce tamkar tsirkiyar wannan baka. Duk takun da aka yi, nauyin jiki yana danne bakan, jijiyar ta miƙe ta riƙe shi, sannan ta taimaka wajen ɗaga ƙafa.

Idan aikin ya yi mata yawa, wurin da ta manne da ƙashin dunduniya yakan fara gajiya, ya yi ƙananan tsage-tsagen da ido ba ya gani. Da dare, lokacin barci, ƙafa tana saki ne yatsu na kallon ƙasa, jijiyar ta taƙure. Takun farko na safe shi ke fizgar ta ba shiri, daga nan zafin yake. In aka ɗan yi tafiya ta sake, sai ciwon ya ragu. Haka abin yake maimaituwa bayan duk wani dogon zama, ko a ofis, ko a motar Damagaram zuwa Yamai.

Alamomin da ake gane shi da su

Alama ta farko, kuma mafi ƙarfi, ita ce lokacin da ciwon ke zuwa: takun farko bayan barci ko bayan zama. Ta biyu ita ce wurinsa. Ba duk ƙafar ke ciwo ba. Wuri guda ne a ƙarƙashin dunduniya, ta ɓangaren ciki, wato gefen da ke kallon ɗaya ƙafar, kuma mai ciwon yana iya nuna shi da yatsa ɗaya. Wani lokaci zafin yakan bi tsakiyar tafin ƙafa.

Ta uku, ciwon yakan ragu bayan ƴan mintuna na tafiya, amma ya dawo idan aka daɗe tsaye ko aka yi doguwar tafiya. Sau da yawa ya fi tsanani bayan an gama aikin, ba lokacin da ake cikinsa ba. Ta huɗu, tafiya ba takalmi a kan siminti ko karo tana tayar da shi, haka hawan bene. Yawanci ƙafa ɗaya yake kamawa, ko da yake yana iya kama biyun. Kuma ba dare ɗaya yake zuwa ba: a hankali yake shigowa, cikin makonni, har mutum ya kasa tuna ranar da ya fara.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida. A zauna, a aza ƙafar mai ciwo kan gwiwar ɗayar. A danna ƙarƙashin dunduniya ta ciki da babban yatsan hannu. Sannan a kama yatsun ƙafar a ja su sama, wajen ƙwauri. Za a ji jijiyar ta yi tauri kamar igiya a ƙarƙashin fata. Idan dannawar ko jan ya tayar da ainihin zafin da aka saba ji, to da wuya in ba wannan ciwon ba ne.

Wa ya fi kamawa?

Ya fi yawa tsakanin masu shekara 40 zuwa 60, sai kuma masu gudu da ƴan wasa da sojoji, ko da suna matasa. Tsayuwa ta tsawon wuni a kan daɓe mai tauri na cikin manyan dalilai. Ƙiba ma haka, domin duk kilon da ya ƙaru ƙafa ce ke ɗaukarsa, shi ya sa wasu mata ke fara jin ciwon lokacin goyon ciki. Mai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa da wanda bakan ƙafarsa ya yi zurfi sosai duk suna cikin haɗari, haka wanda naman sharaɓarsa da agararsa suka yi tauri.

Sai batun takalmi. Takalmin soso da ya suɗe har dunduniya na kusan taɓa ƙasa, ko fade mai siririn ƙasa, ba su tare wa ƙafa komai. Canji na gaggawa ma yana jawo shi: wanda bai saba motsa jiki ba, likita ya ce masa ya rage ƙiba, sai ya tashi rana ɗaya ya fara gudun kilomita da yawa a kan kwalta.

Batun « ƙayar ƙashi »

Mutane da yawa na dawowa daga hoton radiyo hankali tashe, don an nuna musu wani ɗan tsini a ƙashin dunduniya, wanda ake kira « épine calcanéenne ». Sai su ɗauka shi ne ke sukarsu, kuma sai an yanke shi za su huta. Ba haka ba ne. Akwai mutane da yawa masu wannan tsini da ba su taɓa jin ciwo ba, akwai kuma masu ciwo mai tsanani da ba su da shi. Ciwon yana warkewa tsinin na nan inda yake. Hasali ma, galibi likita ba ya buƙatar hoto kafin ya gane cutar, bayanin mai ciwo da taɓa ƙafar sun isa. Ana neman radiyo ko ekogarafi ne idan ana zargin wani abu daban, ko ciwon ya ƙi jin magani. A ekogarafi, kaurin jijiyar da ya wuce milimita 4 yana ƙara tabbatar da ita.

Ba kowane ciwon dunduniya ba ne

Nan ne ya kamata a buɗe ido, don akwai cututtukan da ke kama da shi amma maganinsu daban.

Idan zafin a bayan dunduniya yake, inda takalmi ke gugawa, to agara ce. Wanda ya fara jin ciwon agara bayan ya sha siprofuloksasin ko danginsa, ya dakata da shan ya ga likita da wuri, domin wannan rukunin magani yana iya raunana agara har ta tsinke.

Idan ciwon ƙaruwa yake da kowane taku maimakon ya lafa, kuma matse dunduniya daga gefe biyu yana sa zafi, ana iya zargin tsagewar ƙashi. Idan akwai raɗaɗi kamar wuta, ko jin kamar tururuwa na tafiya, ko mutuwar ƙafa, musamman da dare, matsalar ta jijiyoyin ji ce, kuma ciwon sukari na cikin abubuwan da ke jawo ta. Saurayin da dunduniyarsa biyu ke ciwo tare da sandarewar baya da safe yana buƙatar a bincika masa cutar gaɓoɓi. Yaro mai shekara 8 zuwa 14 da ke kukan dunduniya bayan ƙwallo, yawanci wurin girman ƙashin ne ya gaji, kuma yakan wuce da hutu. Kaushi da faso na lokacin hunturu kuwa a fata suke, ido na ganinsu.

A ƙasa irin tamu kada a manta da ƙaya. Guntunta na iya maƙalewa cikin nama ya yi ruwa. Akwai kuma wata cuta da ake kira misetom, wadda ake samu a yankin Sahel har da Nijar: ƙwayar cutar tana shiga ta sukar ƙaya, ƙafa ta kumbura a hankali ba tare da zafi sosai ba, daga baya ta ɓula ƙananan ramuka masu fitar da ruwa da ƴan ƙwayoyi kamar tsaba. Jinkiri a kanta yana iya kai wa ga yanke ƙafa.

Lokacin da bai kamata a jira ba

A tafi asibiti ko CSI mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba idan dunduniya ta kumbura, ta yi ja, ta yi zafi, ko akwai zazzaɓi. Haka idan ciwon ya zo farat ɗaya bayan faɗuwa ko tsalle, ko an ji kamar wani abu ya tsinke, ko an kasa taka ƙafar sam. Haka idan ciwon na hana barci ko da ba a taka ba. Mai ciwon sukari kuwa, duk wani ciwo ko gyambo a ƙafa, komai ƙanƙantarsa, na likita ne tun ranar farko. Ga sauran mutane, idan an yi mako 2 ana kula da ƙafar a gida babu sauƙi, lokacin ganin likita ya yi.

Abin da ke taimakawa

Labari mai daɗi shi ne mafi yawan masu wannan ciwo, wajen 8 zuwa 9 cikin 10, suna warkewa cikin shekara guda ba tare da aikin tiyata ba. Labari marar daɗi shi ne ba ya warkewa cikin kwana uku. Sai an yi haƙuri, kuma babban maganin a hannun mai ciwon yake.

Na farko, miƙar da jijiyar tun kafin a sauko daga gado. A ja yatsun ƙafa sama da hannu, kamar yadda aka yi a gwajin nan, a riƙe daƙiƙa 10, a saki, a maimaita sau 10. A yi haka sau 3 a wuni, da kuma kafin a miƙe daga dogon zama. Na biyu, miƙar da sharaɓa: a dafa bango, a mayar da ƙafar mai ciwo baya, gwiwa a miƙe, dunduniya a ƙasa, a sunkuya gaba har a ji naman ya ja, a riƙe daƙiƙa 30. Na uku, da marece a sa gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙasa, a murza ta da tafin ƙafa minti 10 zuwa 15. Mai ciwon sukari da ba ya jin ƙafarsa sosai kada ya yi amfani da ƙanƙara ko ruwan zafi.

A daina yawo ba takalmi a kan siminti, har cikin ɗaki. A ajiye takalmi mai kauri da laushi a gindin gado, ya zama shi ake fara takawa. A waje a sa takalmin da ke riƙe ƙafa, mai ɗan tudu a dunduniya. Ana samun ƴan matasan dunduniya na roba mai laushi a wasu farmasi, waɗanda ake sawa cikin takalmi. Wanda sana'arsa ta tsayuwa ce ya nemi benci ya riƙa zama lokaci lokaci, ya shimfiɗa abu mai laushi inda yake tsayawa. Mai gudu ya rage na ɗan lokaci, ya koma keke. Ba kwanciya ake nema ba, rage nauyin da ke kan jijiyar ake nema. Rage ƙiba, ko da kaɗan ne, ƙafa za ta shaida.

Hattara da maganin bakin titi

Da yawa kan fara ne da mai tallar magani. Ibuprofen da diklofenak suna kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba su gyara jijiyar, kuma shan su na tsawon makonni yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya tayar da hawan jini. Mai ciki kada ta sha su sai da izinin likita. Tramol kuwa ba shi da gurbi a nan: mutum zai je neman sauƙin dunduniya ya dawo da jarabar da ta fi ciwon. Tsaga a dunduniya ma buɗe ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma ga mai ciwon sukari tana iya zama sanadin rasa ƙafa.

Idan ciwon ya ƙi, likita na iya tura mutum wajen kine, ko ya ba da shawarar abin ɗaure ƙafa da dare don kada jijiyar ta taƙure. Allurar kortizon a dunduniya tana kawo sauƙi na ƴan makonni, amma maimaita ta na iya tsinka jijiyar ko narkar da kitsen da ke tare wa dunduniya ƙasa, don haka likita ne kaɗai zai yanke shawarar yin ta. Tiyata ita ce ta ƙarshe, ba a maganarta sai an shafe watanni 6 zuwa 12 ana magani babu nasara, kuma kaɗan ne ke kai wa nan.

Wanda ya yi biris da ciwon yakan canza tafiyarsa ba tare da ya sani ba, yana taka gefen ƙafa don gudun zafi, daga nan gwiwa da ƙugu da baya su fara nasu kukan. Ga wanda abincin gidansa ya dogara da tsayuwa ko tafiya, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Gobe da asuba, kafin ƙafa ta taɓa ƙasa, a ɗauki minti 2 a ja yatsun nan sama, sannan a duba ƙasan takalmin da ake sawa kullum. In ya suɗe, canza shi ya fi arha bisa kuɗin magani na wata guda.