Cigiyar A-Kori-Kura: Idon Jama'a Shi Ne Gatan Mai Kaya

Dattawan ƙasar Dutse ba su manta da zamanin da a-kori-kura ƙirar Peugeot 404 take sarauniyar hanya ba. A 1960 aka fara ƙera 404 a Faransa, sa'an nan a 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a nan gida. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, irin wannan mota ce ke ɗaukar gero da gyaɗa da awaki zuwa kasuwannin Shuwarin da Gujungu da Maigatari.

An daɗe da daina ƙera ta, saboda haka 'yan ƙalilan da suka rage sun zama abin tattali. To, a nan ne matsalar take. Tun da kayan gyaranta sun yi wuya, ɓarawo ba ya bukatar sayar da ita ɗungurungum. Sai ya kwance inji da giya da tayoyi ya sayar ɗaiɗai, gangar jikin kuma ta tafi wurin 'yan gwangwan.

Idan magidanci a Yalwawa ya wayi gari ya ga wayam a ƙofar gidansa, ba ƙarfe kaɗai ya rasa ba. Abincin iyalinsa ne ya tafi, da kuɗin makarantar yara, wani lokaci ma da gadon mahaifinsa. Don haka jinkirin kwana ɗaya babbar hasara ce.

Abu na farko shi ne kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, tare da takardun mota. Ana iya sauya lambar mota da fenti cikin dare ɗaya, amma lambar shasi da ta inji suna da wuyar gogewa ba tare da barin alama ba. Bayan haka sai a sanar da mai unguwa da shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshi, a kuma ba da cigiya a Rediyon Jigawa, a faɗi launinta da duk wani tabo da ke jikinta.

Tsufan motar ma taimako ne, gama 404 ba ta ɓoyuwa a kan titi yau. Makanike da mai faci da mai sayar da mai za su iya shaida ta da kallo ɗaya. Wanda aka kawo wa inji da araha ba takarda, ya tuna cewa karɓar kayan sata da sani laifi ne a doka.

Wanda ya gan ta kada ya ɗauki doka a hannunsa, ya sanar da hukuma kawai. Ma'aikata da ɗalibai masu zirga-zirga tsakanin Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu su ma su sa ido. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma ranar ba ta zuwa sai maƙwabta sun buɗe baki.